Henry Ossawa Tanner

Henry Ossawa Tanner (21 ga Yuni, 1859 – 25 ga Mayu, 1937) mai zanen hoto ne ɗan ƙasar Amurka, kuma shi ne baƙar fata na farko daga ƙasar da sunansa ya zagaya duniya a wannan sana'a. An haife shi a birnin Pittsburgh, ya tashi a Philadelphia, amma daga shekarar 1891 Faransa ce ta zama mazauninsa har ya rasu. An fi saninsa da hotunan da ya zana daga labaran Littafi Mai Tsarki na Kirista, da kuma hotunan tituna da ƙofofin biranen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Kusan duk wani sauyi da aka gani a hannunsa bayan wata tafiya ya zo: zuwansa Paris, ziyararsa Masar da Falasɗinu, sannan Aljeriya da Maroko. Saboda haka ake yawan kawo sunansa idan ana maganar yadda balaguro zuwa ƙasashen waje ya gyara idon masu zanen Amurka.

Asali da ƙuruciya

Mahaifinsa, Benjamin Tucker Tanner, malamin coci ne a cocin African Methodist Episcopal, wadda baƙaƙen fata suka kafa wa kansu. Ya yi shekaru yana editan jaridar cocin, Christian Recorder, kuma a 1888 aka naɗa shi bishop. Mahaifiyarsa, Sarah Miller, a cikin bauta aka haife ta a jihar Virginia, ta samu 'yanci tun tana yarinya bayan an kai ta Pennsylvania. Henry shi ne ɗansu na fari. Sunansa na tsakiya, Ossawa, an yanko shi ne daga Osawatomie, wani gari a Kansas inda John Brown, Bature mai adawa da bauta, ya gwabza da masu goyon bayanta a 1856. Ke nan tun ranar suna iyayen suka ɗora masa tarihin gwagwarmayar mutanensu. Shekara biyu bayan haihuwarsa yaƙin basasar Amurka ya ɓarke.

Gida ne na boko da addini. Ƙanwarsa Halle ta zama likita, kuma a 1891 ita ce mace ta farko da ta samu lasisin aikin likita a jihar Alabama. Shi kuwa Henry, yana da kimanin shekara 13 ya ga wani mutum yana zanen itatuwa a filin shaƙatawa na Fairmount da ke Philadelphia, ya tsaya yana kallo, daga ranar ya ƙudurta abin da zai yi ke nan. Mahaifinsa bai ga abinci a wannan hanya ba, balle ga yaro baƙar fata a wancan zamani, sai ya kai shi koyon aiki a wurin niƙan fulawa. Aikin ya fi ƙarfinsa, ya kwanta ciwo, iyayen suka haƙura suka bar shi da buroshinsa.

Karatu a Philadelphia

A 1879 ya shiga makarantar koyon zane ta Pennsylvania Academy of the Fine Arts, inda ya faɗa hannun Thomas Eakins. Eakins malami ne mai tsanani wajen gaskiyar abin da ido ya gani. Yana sa ɗalibai su zana mutum mai rai a gabansu, su san ƙashi da jijiya, su kuma yi amfani da kyamara wajen nazarin motsi. Shi kansa Eakins ya yi karatu a Paris daga 1866, ya kuma je Sifaniya ya ga aikin manyan masu zanenta na da. Wannan ita ce al'adar lokacin: mai zanen Amurka da bai taka Turai ba, ana ganin da sauransa. James Whistler da Mary Cassatt da John Singer Sargent duk a Turai suka yi yawancin rayuwarsu, Frederic Church kuma ya ratsa Kolombiya da Ekwado, daga baya ya je har Petra da ke ƙasar Jordan ta yau.

Eakins ya riƙe Tanner da mutunci, har daga baya ya zana hotonsa, abin da bai yi wa ɗalibansa da yawa ba. Sauran ɗalibai kuwa ba duka ba. Wani abokin karatunsa, Joseph Pennell, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa wata rana ɗalibai sun ɗaure Tanner a jikin katakon da ake jingina zane, suka fitar da shi suka ajiye a tsakiyar titi. Tanner ya ci gaba da zuwa makarantar jefi-jefi har wajen 1885. Hotunansa na wannan lokaci na teku ne da dabbobi da bakin ruwa, kuma ba su kawo masa kuɗin kirki ba.

A 1889 ya koma Atlanta, a kudancin ƙasar, ya buɗe shagon ɗaukar hoto da kyamara da niyyar tara kuɗin jirgi. Shagon bai yi kasuwa ba. Ya ɗan koyar da zane a Jami'ar Clark ta birnin, a nan kuma ya haɗu da Joseph Hartzell, wani malamin coci farar fata wanda daga baya ya zama bishop mai kula da Afirka. Hartzell da matarsa suka shirya masa baje koli a Cincinnati a 1890. Ba a sayi ko hoto ɗaya ba, sai su biyun suka saye duka. Da wannan kuɗi ya hau jirgin ruwa a watan Janairun 1891.

Paris

Roma ya nufa. Ya bi ta Liverpool da Landan, ya yada zango a Paris, sai zangon ya zama zama. Ya shiga makarantar Académie Julian, ya yi karatu a hannun Jean-Joseph Benjamin-Constant da Jean-Paul Laurens. Benjamin-Constant ya taɓa zama a Maroko, kuma sunansa ya fito ne da hotunan ƙasashen Larabawa, don haka tun daga aji Tanner ya fara jin labarin hasken waɗancan ƙasashe.

Abin da Paris ta fara ba shi, kafin ma dabarar hannu, shi ne sakewa. Faransa ta lokacin ƙasa ce mai mulkin mallaka, a shekarun nan ma sojojinta ke kutsawa cikin Afirka ta Yamma, don haka ba za a ce babu wariya a cikinta ba. Amma a ajin zane da ɗakunan baje koli Tanner ya tarar ana duba aikinsa kafin a duba fatarsa, abin da bai saba da shi a gida ba. Yana shiga gidan adana zane-zane na Louvre yana nazarin Rembrandt da Velázquez, musamman yadda suke fito da fuska daga cikin duhu. Da bazara yakan tafi yankin Brittany, garuruwan Pont-Aven da Concarneau, inda ya zana manoma da masu sana'ar hannu. Daga nan ne hoton The Bagpipe Lesson ya fito, inda wani dattijo ke koya wa yaro busa, da kuma The Young Sabot Maker, yaro mai koyon sassaƙa takalmin katako a gaban ubangidansa.

Hotunan baƙaƙen fata

A 1893 zazzaɓin taifot ya kama shi, ya koma Philadelphia jinya. A wannan shekarar ya gabatar da maƙala kan baƙaƙen fatar Amurka da fasahar zane a wani taro kan Afirka da aka yi a Chicago. A shekarar ce kuma ya zana hoton da har yau aka fi saninsa da shi, The Banjo Lesson, wato darasin kiɗan banjo.

Wani tsoho ne zaune a kujera cikin ɗakin talaka, yaro na tsaye tsakanin ƙafafunsa, tsohon ya riƙe masa wuyan banjo yana sauraron yatsunsa. Haske biyu ne a ɗakin, ɗaya mai sanyi daga taga ta hagu, ɗaya mai ɗumi daga murhu ta dama, suka haɗu a kan mutum biyun. Don a gane nauyin hoton sai an san cewa a Amurka ta lokacin, baƙar fata riƙe da banjo abin dariya ne. 'Yan wasa farare kan shafa baƙi a fuska su hau dandali suna kwaikwayon bayi, hotunan jaridu ma haka. Tanner ya ɗauki kayan kiɗan da ake yi wa mutanensa ba'a da shi, ya mayar da shi abin da babba ke miƙa wa ƙarami cikin natsuwa. Banjo ɗin kansa asalinsa na Afirka ne: bayin da aka kwashe ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, kuma masana na danganta shi da dangin kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin da molo da gurmi da garaya suke ciki.

Tsarin hoton, babba yana koya wa yaro, shi ne dai wanda ya gwada a kan manoman Brittany. Sai da ya je Faransa ya ga yadda masu zanenta ke girmama talakan ƙauye a kan ƙyalle, sannan ya dawo ya yi wa nasa mutanen haka. An karɓi hoton a babban baje kolin Paris da ake kira Salon a 1894, yanzu kuma yana gidan adana kayan tarihi na Jami'ar Hampton a Virginia. A 1894 ya zana The Thankful Poor, tsoho da yaro suna addu'a a kan ɗan abincin da ke gabansu. Daga waɗannan biyu bai ƙara yin wani babban hoto kan rayuwar baƙaƙen fatar Amurka ba, batun da ya jawo masa magana daga baya.

Komawa ga labaran addini

Da ya koma Paris sai ya juya ga labaran da ya tashi yana ji a gidan mahaifinsa. Ya zana Daniyel a cikin ramin zakuna, bayan ya yi kwanaki yana zana zakunan gidan namun daji na Jardin des Plantes, aka yaba wa hoton a Salon na 1896. Sai The Resurrection of Lazarus, labarin yadda Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya tashi Li'azaru daga kabari. An nuna shi a Salon na 1897, ya samu lambar yabo, gwamnatin Faransa kuma ta saye shi domin gidan zane na Luxembourg, darajar da 'yan Amurka kaɗan ne suka samu a lokacin. Yanzu hoton yana Musée d'Orsay a Paris.

Har zuwa wannan lokaci Tanner bai taɓa ganin ƙasar da labaran suka faru ba. Rodman Wanamaker, ɗan wani babban ɗan kasuwa na Philadelphia wanda ke kula da harkar gidansu a Paris, ya ga hoton Li'azaru tun kafin a kai shi baje koli, ya ɗauki nauyin tafiyar Tanner zuwa Gabas ta Tsakiya don ya ga wuraren da idonsa.

Masar da Falasɗinu

A farkon 1897 ya tashi. Ya sauka Masar, wadda Ingila ta mamaye tun 1882, ya zauna a Alƙahira, sannan ya wuce Falasɗinu, wadda ke ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ya ga Jaffa da Birnin Ƙudus da Yariko da Tekun Gishiri, ya dawo ta Italiya, ƙasar da ya nufa shekara shida da suka wuce bai kai ba. Daga ƙarshen 1898 zuwa farkon 1899 ya sake komawa Falasɗinu ya yi watanni.

Wasu hotunan tafiyar na abin da ya gani ne kai tsaye. Akwai na cikin wani masallaci a Alƙahira, wanda yanzu yake gidan zane na birnin Boston, inda haske ke shigowa ta tagogi masu launi yana sauka a kan dutse da masu ibada. Akwai na Yahudawa masu addu'a a jikin tsohon bangon Ƙudus. Sai dai babban amfanin tafiyar a hotunansa na addini ya bayyana. Shekaru ɗaruruwa masu zanen Turai suna zana mutanen Littafi Mai Tsarki kamar Italiyawa ko 'yan Holan, da tufafin alharini, da gine-gine masu ginshiƙan marmara. Tanner ya ga ƙauyukan Falasɗinu: ɗakunan dutse masu ƙaramar ƙofa, rufin soro da ake hawa a sha iska da dare, riguna masu ratsi, tulun ruwa, jakuna, duwatsu marasa ciyawa. Ya fahimci cewa mutanen da yake zanawa talakawa ne na irin wannan ƙasa.

The Annunciation, na 1898, shi ne hoton da wannan fahimta ta fi fitowa. Labarin zuwan Mala'ika Jibrilu ne wurin Maryamu da albishir. A al'adar Turai ana zana mala'ikan da siffar saurayi mai fukafukai riƙe da fure, Maryamu kuma cikin shuɗin mayafi da zoben haske a kanta. Tanner ya bar duk wannan. Maryamunsa yarinya ce 'yar ƙauye, zaune a bakin gadon da ba a gyara ba, cikin riga mai ratsi da ta yi mata yawa, yatsun ƙafarta a waje, ta haɗa hannu tana duban gefe da alamar tsoro da tambaya. Bayanta jan ƙyalle ne a jikin bango, ƙasa kuma daɓen dutse da ɗan kilishi. Mala'ikan bai ba shi fuska ko jiki ba. Wani dogon haske ne tsaye a gefen hagu, shi ne kuma ke haskaka ɗakin gaba ɗaya. An nuna hoton a Salon na 1898, a 1899 kuma gidan zane na Philadelphia ya saye shi.

A tafiya ta biyu ya zana Nicodemus Visiting Jesus, labarin malamin Yahudawa Nikodimu da ya je wurin Yesu da dare. Ya zaunar da su a kan rufin soro, birni na bayansu cikin shuɗin dare, wani ɗan haske kuma na tasowa daga matakalar da ke ƙasa. Wanda ya san zaman hira a kan soro lokacin zafi zai gane wurin nan take. Hoton ya ci kyautar Lippincott a 1900 a tsohuwar makarantarsa ta Philadelphia, makarantar kuma ta saye shi, ita ce dai wadda aka taɓa wulaƙanta shi a ƙofarta.

Aure da zaman Faransa

A watan Disambar 1899 ya auri Jessie Olssen a Landan, mawaƙiya farar fata daga San Francisco. Sun haifi ɗa ɗaya, Jesse, a 1903 a New York. Sun gwada zaman Amurka na ɗan lokaci a shekarun nan, amma a lokacin jihohi da dama sun haramta aure tsakanin baƙi da fari, inda ba a haramta ba ma jama'a ba sa sakin fuska. Suka koma Faransa. Suna da gida a Paris, da wani a Trépied kusa da garin masunta na Étaples a arewacin ƙasar, inda masu zane da yawa daga ƙasashen waje ke taruwa.

Shekarun nan ne ganiyarsa. Ya samu lambar azurfa a babban baje kolin duniya na Paris a 1900. Booker T. Washington, jagoran baƙaƙen fata mafi tasiri a lokacin, ya ziyarce shi a Paris a 1899 ya kuma rubuta labarinsa. Hoton The Two Disciples at the Tomb ya ci kyauta a Chicago a 1906, gidan zanen birnin ya saye shi. A 1909 ya wallafa taƙaitaccen tarihin rayuwarsa a mujallar World's Work.

Aljeriya da Maroko

A 1908 ya je Aljeriya, a 1912 kuma ya yi watanni a Maroko, yawanci a Tanja, birnin da Turawa ke kira Tangier, da kuma Tetuwan. Shekarar 1912 ita ce Faransa ta ɗora wa Maroko mulkinta, kuma a shekarar Henri Matisse ma ya je Tanja yin zane. Birnin ya daɗe yana jan masu zane, tun daga Eugène Delacroix a 1832 har zuwa Sargent a 1880.

Wannan tafiya launi ta ba shi. Hotunansa na farko a Paris masu duhu ne, ruwan ƙasa da ja da baƙi irin na Rembrandt. A Tanja ya ga farin bango a tsakar rana, ya ga cewa inuwar da ke jikinsa shuɗiya ce ko shunayya. Ya zana ƙofofin ganuwa, da ƙofar shiga kasba, wato tsohuwar unguwar masarauta da ke kan tudu, da ƴan siraran lunguna, da kotun birnin. Mutanen da ke cikin hotunan ƙanana ne, sau da yawa ɗigon fenti biyu ko uku, mai alkyabba ko mai jaki yana shigewa ta ƙofa. Bango da haske su ne kan gaba. Daga nan shuɗi da kore-kore suka mamaye aikinsa, tun daga mai haske kamar sararin asuba har zuwa mai duhu kamar rinin baba, har masu sharhi suka riƙa kiran irin wannan shuɗi da sunansa. Ya kuma shiga gwajin haɗa fenti, yana cakuɗa na mai da wasu haɗe-haɗe nasa, yana shafa shi hawa-hawa don haske ya riƙa fitowa kamar daga cikin ƙyallen. Wasu daga cikin gwaje-gwajen ba su jure ba, fentin ya tsattsage, abin da ke ba masu gyaran tsofaffin hotuna aiki har yau.

Ƙofofin Tanja sun bi shi har cikin hotunan addini. Ya zana gudun hijirar Yusufu da Maryamu da jariri zuwa Masar sau da yawa. A wanda ya yi a 1923, wanda ke gidan Metropolitan na New York, ana ganin su cikin dare suna wucewa ta gaban wata babbar ƙofa, mai fitila yana gaba. Masana da dama na ganin ba banza ba ne ɗan matar da ta tsira daga bauta, wanda shi ma ya bar ƙasarsa don neman sakewa, ya yi ta komawa ga labarin iyalin da ke gudu da dare.

Ana sanya waɗannan hotuna cikin salon masu zanen Turai da suka riƙa zana ƙasashen Musulmi a zamanin mulkin mallaka, salon da ake suka saboda yawan cika hoto da kuyangi da kasuwar bayi da takubba don burge mai saye. Tanner ma baƙo ne a waɗannan ƙasashe, kuma jiragen ruwa da tsaron da mulkin mallaka ya shimfiɗa su suka sauƙaƙa masa tafiya. Amma irin waɗancan abubuwa ba su cikin aikinsa. Laifin da za a iya ba shi wani ne daban: mutanen Tanja da Ƙudus na zamaninsa ba su cika samun fuska a hotunansa ba, sai dai su tsaya a madadin mutanen da suka rayu shekara dubu biyu da suka wuce.

Yaƙi da shekarun ƙarshe

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar masa da aiki. Étaples ya zama babban sansanin sojojin Ingila. Daga ƙarshen 1917 ya yi aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka, inda ya kawo shawarar a riƙa noman kayan lambu a filayen da ke kewaye da asibitocin soja, masu jinya da suka fara samun sauƙi su riƙa taimakawa. Ya kuma zana wasu hotuna na sansanin, har da sojoji baƙaƙen fata a ciki.

A 1923 Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur. A 1927 ya zama cikakken mamba na National Academy of Design a New York, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi. Tsakanin waɗannan biyu, a 1925, matarsa ta rasu, abin da ya karya masa gwiwa ƙwarai. Kasuwar zane kuma ta riga ta juya ga sababbin salo irin na Picasso da Matisse, hotunan addini suka daina tashe. Abokinsa Atherton Curtis, wani attajiri Ba'amurke mazaunin Paris, ya daɗe yana tallafa masa. Tanner ya rasu a gidansa na Paris ranar 25 ga Mayu, 1937, yana da shekara 77, aka binne shi a Sceaux kusa da matarsa. Bai taɓa sauya takardar zama ɗan Amurka ba.

Muhawara kan aikinsa

A shekarun 1920, lokacin da marubuta da masu zane baƙaƙen fata suka yi tashe a unguwar Harlem ta New York, masanin falsafa Alain Locke ya nuna takaicin cewa Tanner, wanda ya fi kowa cancantar jagorantar zanen rayuwar baƙaƙen fata, ya bar fagen ya koma labaran addini. Shi kuwa Tanner bai so jaridun Amurka su riƙa maƙala launin fatarsa a duk inda suka ambaci sunansa ba, ya kuma koka da haka a wata wasiƙa a 1914. Masu kare shi na cewa labaran da ya zaɓa, Daniyel a rami, Li'azaru da aka kwance wa likkafani, iyalin da ke gudun hijira, su ne labaran da cocin baƙaƙen fata ta daɗe tana karantawa a matsayin labarin bauta da 'yanci, don haka bai yi nisa da gida kamar yadda ake zato ba.

Ko ma dai wanne ne, ɗakin aikinsa ya zama wurin da matasa baƙaƙen fata ke fara sauka idan sun je Faransa. Meta Warrick mai sassaƙa ta samu kulawarsa tun 1899, William Edouard Scott ya yi karatu a wurinsa, Hale Woodruff ya bi shi har Étaples a 1928, William H. Johnson da Aaron Douglas ma sun gana da shi. Na bayansu kuma sun tsallaka Sahara, inda shi bai kai ba. John Biggers ya zagaya Ghana da Najeriya da maƙwabtansu a 1957 da tallafin hukumar UNESCO. Jacob Lawrence ya zo Najeriya a 1962, ya dawo a 1964 tare da matarsa Gwendolyn Knight suka yi kimanin wata takwas a Legas da Ibadan, inda ya zana kasuwanni.

Bayan rasuwar Tanner an yi kusan shekara talatin ba a cika ambatonsa ba. A 1969 cibiyar Smithsonian ta shirya baje kolin aikinsa, a shekarar kuma Marcia Mathews ta wallafa tarihin rayuwarsa. Hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai hotonsa a 1973, gidan zane na Philadelphia ya yi masa babban baje koli a 1991, tsohuwar makarantarsa ta yi wani a 2012. A tsakiyar shekarun 1990, zamanin Shugaba Bill Clinton, fadar White House ta sayi hotonsa Sand Dunes at Sunset, Atlantic City, wanda ya zama aikin baƙar fata na farko a cikin hotunan dindindin na fadar. Hoton tudun rairayi ne a bakin tekun New Jersey da faɗuwar rana, ya zana shi wajen 1885, kafin ya fita ƙasar waje, ya kuma cakuɗa rairayi a cikin fentin.